Tsakanin Barkwanci da Cin Mutunci: Nazarin Raha da Ba'a a Tsakanin Masu Wasan Ces a Intanet

Tsakure

Wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranj, ya daɗe da yin suna a matsayin wasan shiru da ɗaure fuska. Daga shekarar 2020 zuwa yau, yawaitar masu buga shi ta intanet ta fito da wata fuskarsa, wato ta raha da zolaya da ba'a. Wannan maƙala ta ɗauki wasu fitattun abubuwa da suka faru tsakanin 2016 da 2025, ta auna su da ma'aunin wasan barkwanci na Bahaushe. Hujjarta ita ce, tsananin magana ba shi ne ke raba wasa da cin mutunci ba. Abin da ke raba su shi ne ko wanda ake yi wa wasan yana da damar ramawa, da kuma ko mai yin wasan yana ɗauke da wani nauyi a kansa. Inda waɗannan biyu suka ɓace, dariya takan koma hukuncin da babu alƙali a cikinsa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiyar da ake buga dara ya san cewa rabin daɗin wasan a bakin 'yan kallo yake. Mai wasa zai kai hannu ga ɗan itacensa, wani daga baya ya yi gyaran murya, wani ya ce a fara shirya likkafani, a kwashe da dariya. In dara ta ci gida, wanda aka cinye zai tashi ya ba wani wuri, ya koma cikin 'yan kallo, shi ma ya samu bakin magana. Wasan ces ma yana da irin wannan tsohuwar al'ada. A gasar New York ta 1924, Savielly Tartakower ya ziyarci gidan namun daji, ya dawo ya buɗe wasansa da wani baƙon taku, aka raɗa wa wannan salo sunan goggon birin da ya gani a can. Sunan yana nan har yau a littattafan koyar da wasan.

Abin da ya canza shi ne yawan 'yan kallo. Zaman gida na annobar korona, da fim ɗin The Queen's Gambit da Netflix ya fitar a watan Oktoba na 2020, da gwanayen da suka shiga watsa wasanninsu kai tsaye a Twitch da YouTube, sun jawo miliyoyin sababbin 'yan wasa. A watan Disamba na 2022 kamfanin Chess.com ya sanar da cewa masu rajista da shi sun kai miliyan 100. Gindin bishiyar ya zama kasuwar da ba ta tashi, kuma galibin mutanen cikinta ba su san fuskar juna ba.

Domin sauƙin bayani, zan yi amfani da sarki da sarauniya da doki da giwa da hasumiya da kurtu a matsayin sunayen 'ya'yan wasan, sannan gwanin gwanaye a matsayin muƙami mafi girma da hukumar ces ta duniya, FIDE, ke bai wa ɗan wasa.

2.0 Ma'aunin Bahaushe

Harshen Hausa bai haɗa dariya a kwando ɗaya ba. Raha daban take da zolaya, zolaya daban da ba'a, sannan ga gatse da shaguɓe da habaici da zambo, har a gangaro ga izgili da cin fuska. Wannan yalwar kalmomi alama ce ta al'ummar da ta daɗe tana lura da inda wasa ke tsayawa.

Mafi tsari a cikinsu shi ne wasan barkwanci: tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. Masanin halayyar al'umma A. R. Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a 1940, inda ya bayyana ta a matsayin rashin ladabin da al'ada ta yi wa izini. A 2014 kuma hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Bafulatani zai iya kiran Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa, maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ruwa rana, amma a nan dariya za a yi. Dalili kuwa, an san su waye su biyun, Babarbaren yana da cikakken 'yancin mayar da martani nan take, kuma wasan yana tafe da nauyi. Abokin wasanka shi ne mai shiga tsakani in ka yi rigima, shi ne kuma wanda al'adar kuɗin shara ta haɗa ku a watan cika-ciki. Wanda ya samu lasisin zolayarka ya ɗauki alhakin tsare mutuncinka. Da wannan ma'auni zan duba abin da ke biye.

3.0 Dariyar da Take Kan Allo

Mafi yawan rahar masu ces a kan taku take, kuma ita ce mafi lafiya. Babban misali shi ne salon buɗe wasa da ake kira Bongcloud, sunan da ke nuni da hayaƙin tabar wiwi, wato takun da sai wanda hankalinsa ya gushe zai yi. Bayan an tura kurtun gaban sarki, sai a taku na biyu a ɗaga sarkin da kansa zuwa gaba. Darasin farko da ake koya wa yaro shi ne ya ɓoye sarkinsa a lungu, ya fito da dawakai da giwaye. Wannan taku yana rushe darasin baki ɗaya: sarki ya rasa damar ɓuya a bayan hasumiya, ya toshe wa sarauniya da giwarsa hanya, ya tsaya a fili.

Hikaru Nakamura na Amurka ne ya fi kowa yayata shi. A watan Satumba na 2020 ya buga shi da Jeffery Xiong a wata gasa ta intanet, ya kuma ci wasan. A ranar 15 ga Maris 2021, Magnus Carlsen na Norwe, zakaran duniya a lokacin, ya ɗaga sarkinsa a taku na biyu a karawarsa da Nakamura. Nakamura ya fashe da dariya a gaban kyamara, ya ɗaga nasa shi ma. Suka yi ta kai sarakunan gaba da baya har wasan ya tashi canjaras a taku na shida. Dukansu sun riga sun tsallake zuwa zagaye na gaba, saboda haka babu abin da suka rasa. An samu masu ganin wannan raini ne ga wasan da ga masu kallo, kuma ban ɗauki ƙorafinsu da wasa ba, domin gasa ce da aka zuba kuɗi a cikinta. Sai dai a ma'auninmu, wannan tsantsar barkwanci ne. Sa'o'in juna ne biyu, ɗaya ya tsokana, ɗayan ya rama da irin abin da aka yi masa, kuma abin da aka yi wa dariya shi ne tsananin ɗaure fuskar wasan.

Misali na biyu ya fi koyar da darasi. Alexandra Botez, wadda ta wakilci Kanada a gasannin duniya kuma take watsa wasanninta tare da ƙanwarta Andrea, takan yi kuskuren barin sarauniyarta a ci a banza idan lokaci ya ƙure mata. A al'adar ces, idan mutum ya sadaukar da wani ɗa da gangan don ya samu galaba daga baya, ana ɗaukarsa gwaninta, har a raɗa wa dabarar sunan wanda ya ƙirƙiro ta. Sai masu kallonta suka raɗa wa kuskuren nata suna Botez Gambit, kamar wata dabara ce ta manya. Gatse ne ƙarara. Abin lura shi ne ta karɓi sunan, tana faɗinsa da bakinta, har ya zama duk wanda ya yi asarar sarauniya, ko gwanin gwanaye ne, da shi yake kiran kuskurensa. Zolayar da ta fara a kan mutum ɗaya ta koma rumfar da kowa ke fakewa a ƙarƙashinta ranar da ya ji kunya. Wannan aiki ne babba a wasan da babu ƙuri'a ko sa'ar kati a cikinsa, wanda duk faɗuwa laifin kanka ce, kuma manhajar kwamfuta tana jira ta nuna maka ainihin takun da ka yi wauta.

Akwai kuma rahar da ake yi a kan wata ƙa'ida mai sunan Faransanci, en passant, wadda ta ba kurtu damar cin kurtun da ya yi tsallen gida biyu ya gifta ta gefensa, muddin an ci shi a takun da ke biye. Sabon shiga yakan ɗauka manhajar ce ta lalace ko an yi masa maguɗi, ya fito yana kuka, a ce masa ya je ya tambayi Google. Daga nan aka ƙirƙiro almarar cewa cin dole ne, wanda ya ƙi ya yi abin kunya. Wannan tamkar kacici-kacicin shiga tsara ne. Wanda aka yi wa dariya yau, gobe shi ne zai yi wa na bayansa.

4.0 Taubasantakar Gwanaye

A gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya da aka yi a Mosko a 2016, Anish Giri na ƙasar Holan ya buga wasa 14, duka suka tashi kunnen doki. Tun daga nan aka liƙa masa tambarin sarkin canjaras, kuma Carlsen na cikin masu tsokanarsa a Twitter. Giri bai yi fushi ba, domin shi ma bakinsa da kaifi, ya shafe shekaru yana ramawa. A 2018 kuwa, a Landan, Carlsen da Fabiano Caruana suka buga dogayen wasanni 12 na kambun duniya ba tare da ɗayansu ya ci ko guda ba, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A watan Janairu na 2023 Giri ya doke Carlsen a gasar Tata Steel ta garin Wijk aan Zee, ya kuma lashe gasar. Ramuwa ta zo ta baki, ta kuma zo ta allo.

Haka abin da ya faru a Stavanger ranar 1 ga Yuni 2025, lokacin da Carlsen ya yi sakaci da wasan da yake hannunsa, Gukesh Dommaraju na Indiya ya cinye shi, Carlsen ya daki tebur da hannu har 'ya'yan wasan suka zube. Hoton bidiyon ya zaga duniya, mutanen da ba su san doki daga giwa ba suna kwaikwayonsa. Amma a cikin wannan bidiyon dai an ga Carlsen ya miƙa hannu, ya dafa bayan Gukesh kafin ya fita. Mutum ne da ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2023, dariyar kwana biyu ba za ta rage masa komai ba.

5.0 Inda Wasa ya Koma Sara

A nan nake son in daɗe, domin a nan ne ma'aunin ya fi yin aiki.

A ƙarshen gasar PRO Chess League ta 2020, ƙungiyar Armeniya ta doke ta Saint Louis. Wesley So na ƙungiyar Saint Louis ya nuna shakku a kan wasan Tigran L. Petrosian na ƙungiyar Armeniya, wanda sunansa ne kawai ya zo ɗaya da na tsohon zakaran duniya na shekarun 1963 zuwa 1969. Petrosian ya mayar da martani cikin fushi, da gurɓataccen Turanci mai cike da zagi. Chess.com ya bincika, ya kore shi har abada, aka ƙwace nasarar ƙungiyarsa. Wannan hukunci ne na masu hurumi. Amma saƙon nasa ya zama abin haddacewa, ana ta kwafe shi ana liƙawa shekara da shekaru. Za a iya cewa shi ya ɗebo da zafi. Duk da haka, a duba abin da ake yi wa dariyar: kaso mai yawa na daɗin da ake ji yana cikin karyewar Turancinsa ne. Mu da muke shiga intanet da harshe na biyu ko na uku mun san wannan dariya, mun kuma san cewa ba maguɗi take hukuntawa ba.

Batun Hans Niemann ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. A ranar 4 ga Satumba 2022, a gasar Sinquefield da ke Saint Louis, Niemann, ɗan shekara 19, ya doke Carlsen, ya katse masa jerin dogayen wasanni 53 da ya yi ba a ci shi ba. Washegari Carlsen ya janye daga gasar, ya saka wani tsohon bidiyon mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa José Mourinho da ke nuna cewa in ya yi magana zai shiga matsala. Wannan habaici ne, kuma kowa ya san inda aka dosa. Niemann ya fito ya amsa cewa ya taɓa yin maguɗi a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, ya musanta yin haka a wasan ido da ido. A watan Oktoba Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72, wanda ya ce akwai yiwuwar ya yi maguɗi a wasannin intanet fiye da 100, amma bai samu tabbatacciyar hujja a kan wasansa da Carlsen ba. Har zuwa nan, muhawara ce ta gaske wadda take da amfani ga wasan.

Sai dai a tsakiyar wannan, wani ya jefa wasa a cikin hirar masu kallo, cewa wataƙila yaron ya ɓoye wata 'yar na'ura mai girgiza a wani sashe na jikinsa da kunya ta hana a ambata a nan, ana aiko masa da taku ta cikinta. Wasa ne, kuma waɗanda suka fara jin sa sun san wasa ne. Cikin 'yan kwanaki ya fita daga hannunsu. Elon Musk ya yaɗa shi, jaridu a ƙasashe da dama suka buga, masu shirye-shiryen barkwanci na talabijin suka ɗauka. Bayan shekara guda, ɗan jarida Piers Morgan ya zaunar da Niemann a gaban kyamara ya tambaye shi wannan magana kai tsaye. Ƙarar da Niemann ya shigar ta neman diyyar dala miliyan 100 an kore ta a watan Yuni na 2023, aka yi sulhu a watan Agusta, Carlsen ya amince cewa babu tabbatacciyar hujjar maguɗi a wasan nasu. A watan Disamba kwamitin ɗa'a na FIDE ya ci tarar Carlsen yuro 10,000 saboda janyewa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Duk waɗannan matakai an rufe su da takarda da sa hannu. Wasan nan kuwa babu wanda ya janye shi, domin babu mai shi. Magana zarar bunu ce.

A ɗora wannan a kan ma'auninmu. Babu sanayya, domin miliyoyin masu dariyar ba su san shi ba. Babu ramuwa, domin mutum ɗaya ba ya mayar wa miliyan martani, kuma duk musun da ya yi sai ya zama sabon abin dariya. Babu nauyi, domin ba wanda zai tashi ya kare shi gobe don ya zolaye shi yau. Mafi muni, wasan ya hau kan zargi ya zauna. Zargi yana buƙatar hujja, ana iya kai shi gaban alƙali a rushe shi. Idan aka lulluɓe shi da dariya sai ya tsira daga wannan buƙata, kuma duk wanda ya nemi hujja a ce masa ba ya gane wasa. Ba ina wanke Niemann daga abin da ya amsa da bakinsa ba ne, haka kuma halinsa na girman kai a hira ya ƙara masa maƙiya. Abin da nake cewa shi ne, hukuncin laifin da ya yi yana yaro yana da iyaka, wannan tozarci kuwa an yi masa shi ne a kan abin da ba a tabbatar ba.

Taron jama'a ba ya zaɓen wanda zai taka. A watan Maris na 2021, Levy Rozman, mai tashar GothamChess, ya yi zargin maguɗi a kan wani ɗan Indunusiya mai laƙabin Dewa Kipas, Chess.com ya rufe asusun mutumin. Sai dubban 'yan ƙasar suka yi wa Rozman rubdugu da zagi da barazana har ya toshe bidiyoyinsa daga ƙasar na wani lokaci. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne komawa kan allo: aka shirya wa Dewa Kipas ɗin, dattijo mai suna Dadang Subur, wasa uku da gwanar ƙasar, Irene Sukandar, a gaban masu kallo fiye da miliyan ɗaya a YouTube, ta cinye shi duka ukun.

6.0 Wa ke Riƙe da Linzami

A gindin bishiya akwai dattijon da in wasa ya fara zafi zai ce ya isa haka, kowa ya yi shiru. A intanet wannan kujera tana hannun masu manyan tashoshi da kamfanonin da ke shirya gasa, kuma nan ne matsalar take, domin abincinsu yana cikin yawan masu kallo, rigima kuma ita ce ta fi tara jama'a. Mai tashar da mutum dubu hamsin ke kallo, in ya ɗaga gira kawai a kan sunan wani, ya riga ya saki karnuka. Ba zai iya cewa shi ma ɗan kallo ne ba.

Ban zo nan don in nemi a mayar da ces wasan makoki ba. Raha ce ta jawo matasan da littattafan dabaru ba za su taɓa jawowa ba, ita ce kuma take sa wanda ya faɗi sau goma ya sake zama a gaban allo. Kirana ga malamai da masu horarwa da ke kafa ƙungiyoyin ces a makarantunmu shi ne, ranar da za ku koya wa yaro tafiyar doki, ku haɗa masa da ƙa'idar da ya riga ya gani tsakaninsa da taubashinsa. Ya yi wa taku dariya iya son ransa, ya zolayi sa'ansa da zai iya ramawa. In kuwa yana zargin wani da maguɗi, ya kai ƙara wurin alƙalin gasa da hujjarsa a hannu, kada ya mayar da zargin abin dariya.